Marka a Rijiyar Lemo

Tun asuba ake tsula ruwa, ko numfashi bai yi ba.
Layinmu ya koma gulbi, kwata ta haɗiye hanya.
Adaidaitata na zaure, na lulluɓe ta da leda,
ni ina ɗaki ina lissafin balas ɗin Alhaji Sammani
kamar mai ƙirga ƙwai a cikin kaza.

Uwar yara ta kwana aiki a asibiti,
ruwa ya tare ta can.
Ta bar mini uku: Munzali, Lubabatu,
da auta Tasi'u mai majina har leɓe,
a cikin rigar sanyin da ta share masa gwiwa.

An ɗauke wuta tun jiya, waya ta mutu.
"Baba, mu fita?" A'a.
"Baba, bakin ƙofa kawai?" A'a.
Sai ga leɓuna uku sun zumɓuro,
hadarin ɗaki na neman ya fi na waje.

Kwanon rufinmu na yoyo wuri uku.
Na tara roba, na tara tukunya, na tara kwanon sha.
Lubabatu ta kasa kunne, ta ce,
"Tukunya tana cewa ƙwal, roba tana cewa ɗis,
shi kwanon sha gulma yake."
Nan take suka raba gado, kowa da ɗigonsa,
wanda nasa ya riga cika shi ya ci.
Tasi'u ya ƙara wa nasa da buta,
aka yi shari'a, na yi alƙali, na karɓi cin hancin gyaɗa biyu.

Na zaro tsohuwar takardar tara daga aljihu,
wadda ta hana ni barci a watan jiya,
na ninke ta, na sake ninkewa, ta zama jirgi.
Yau ta yi rana.
Ta ɗauki ƙwarar wake uku ta tsallaka roba,
wake ɗaya ya nitse, muka yi masa ta'aziyya.

Na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."
Munzali ya ce, "Inna ta ce mai tatsuniya da rana ɓata yake."
Na ce leƙa taga, ina ranar?
Na ba su labarin kwaɗon da ya tare ni a Ƙofar Ruwa
ya ce in kai shi Bata, kuɗinsa a baki.
Ban san ƙarshensa ba. Lubabatu ce ta ƙarasa.

Gawayi ya kama a kurfoti, na ja shi bakin ƙofa.
Kunun tsamiya ya yi gudaji, ba irin na uwarsu ba,
suka sha ba su tona mini asiri ba.

Sai tabarma ta zama adaidaita.
Munzali a gaba, muciya a hannu,
yana ƙwala kira, "Bata! 'Yankura! Mutum ɗaya!"
Ni da na shekara tara a gaba
yau ga ni a baya, gwiwa a haɓa,
ina biya da murafan kwalba,
ana ce mini, "Malam, ba canji."
Har ramin Kurna ya sani, ya girgiza mu daidai wurin.

Wajen la'asar ruwan ya koma yayyafi.
Na tashi in duba ledar zaure,
Tasi'u ya riƙe mini riga,
ya juye murafai bakwai a tafina, masu ɗumin hannunsa.
"Baba, ga na Alhaji."

Uwarsu ta shigo, bakin zaninta sharkaf,
ta tarar biyu sun yi barci a cikin adaidaita,
jirgi ya jiƙe ya kwanta a gindin roba.
Ta ce, "Yau ko sisi ke nan?"
Na girgiza aljihu. Ya amsa.